Hukuncin Dasa Ƙarfen Titaniyom Mai Shafin Feftayid a Cikin Ƙashi

Tambaya: Allah gafarta Malam, mahaifina ya karye a kwatangwalo. Likita ya ce za a sa masa ƙarfen titaniyom da aka shafe da wani sinadari wai shi feftayid, kuma na ji ana cewa daga dabba ake samo shi. Ya halatta? Sallarsa fa?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya. Sa ƙarfe a jiki don magani ba shi da matsala. Arfaja ɗan As'ad an yanke masa hanci a yaƙin Kulab, ya sa na azurfa ya yi wari, sai Annabi (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinare, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. In an yi wa namiji rangwame a zinare, ina ga titaniyom da tun asali ba a hana shi ba?

Tambayarka tana kan shafin ne. Ƙashi na iya kama titaniyom kai tsaye, abin da likita mai bincike Brånemark ɗan ƙasar Suwidin ya lura da shi a 1952, amma kamun na ɗaukar lokaci. Shi ya sa ake manna wa fuskar ƙarfen feftayid, wato gajerun sarƙoƙin amino asid (tubalan da ke gina furotin), irin wanda ake kira RGD mai amino asid uku kacal, don ƙwayoyin halittar da ke gina ƙashi su sami inda za su riƙe. Irin waɗannan gajerun galibi a ɗakin gwaji ake harhaɗa su ɗaya bayan ɗaya, babu dabba a ciki. Wannan tsarkakakke ne, halal ne. Kamanninsa da furotin ɗin jikin dabba ba ya mai da shi mushe, domin ana duba inda abu ya fito ne.

Inda ake tsayawa shi ne shafin kolajin ko jelatin, wato furotin ɗin da akan ciro daga saniya ko alade. A tambayi likita ƙarara: haɗin ɗakin gwaji ne ko na dabba? In na alade ne kuma akwai madadi mai aiki daidai da shi, a ɗauki madadin. In babu, a yi aikin. Imamu Nawawi ya ce wanda aka ɗora masa ƙashi mai najasa don rashin mai tsarki yana da uzuri, kuma taron malamai da likitoci na Kuwait a 1995 ya ɗauki jelatin a matsayin abin da ya rikiɗe ya tsarkaka, ko da yake wasu malamai ba su yarda ba.

Alwalarsa da sallarsa sun inganta. In rai ya yi halinsa, ba a tsaga gawa don cire ƙarfen. Wallahu a'alam.