Hukuncin yi wa ƙaramin yaro ƙarya don a lallashe shi ko a tsorata shi

Tambaya

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina da yaro ɗan shekara 4, mai ƙulafucin uwa ne sosai. Duk lokacin da zan fita unguwa sai ya riƙe mini hijabi yana kuka, sai in ce masa maƙwabta zan leƙa yanzu zan dawo, ko in ce zan sayo masa biskit, alhali na san ba saya zan yi ba. Da dare in ya ƙi barci sai in ce ga Dodo nan a bakin ƙofa, in ya ƙi cin abinci in ce za a kira mai allura. Ƙanwar maigidana ta ce zunubi nake ta kwasa. Surukata kuwa ta ce haka aka rene mu duka, yaro bai san ƙarya ba. Mene ne gaskiyar magana? Kuma tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da nake yi masa, ita ma ƙarya ce?

Wata uwa daga Zariya

Amsa

Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi wa barakatuhu. Allah ya raya miki shi, ya shirya shi, ya saka miki da alheri da kika tambaya maimakon ki bi al'ada ido rufe.

'Yar'uwa, ƙanwar maigidanki ta fi kusa da gaskiya. Ƙarya haramun ce, ko babba aka yi wa ko yaro, kuma wannan mas'ala taki ta zo da nassi a kanta, ba sai an yi ƙiyasi ba. Abu Dawud ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amir, Allah ya yarda da shi, ya ce wata rana mahaifiyarsa ta kira shi alhali Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana zaune a gidansu. Ta ce masa: zo in ba ka wani abu. Annabi ya tambaye ta me ta yi niyyar ba shi, ta ce dabino. Sai ya ce mata: da ba ki ba shi komai ba, da an rubuta miki ƙarya. Malaman tarihin sahabbai sun ce Abdullahi yana da shekara 4 ko 5 lokacin da Annabi ya yi wafati, ke nan ranar da abin ya faru sa'an ɗanki ne, ko ma bai kai shi ba. Mahaifiyar tasa kuwa Laila 'yar Abu Hasma ce, tana cikin matan da suka yi hijira zuwa Habasha. Ga darajarta, ga ƙanƙantar yaron, ga abin da ake magana a kai bai wuce dabino ba, amma duk da haka Annabi ya tsaya ya bincika niyyarta. An kuma ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa ƙarya ba ta dacewa, da gaske ko da wasa, har da mutum ya yi wa ɗansa alkawari ya ƙi cikawa.

Amanar ilimi ta sa dole in gaya miki akwai babban malamin da ya sassauta. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, ya faɗa a cikin littafinsa Ihya'u Ulumiddin cewa idan yaro ba zai tafi makaranta ba sai da alkawari ko tsoratarwa na ƙarya, to ya halatta. Amma a wurin dai ya ƙara da cewa ana rubuta wannan, kuma za a tambayi mai yin sa a kan manufarsa kafin a yafe masa. Sannan ki lura da sharaɗinsa: sai idan babu wata hanya. Ƙa'idar da shi da Imam Nawawi suka tafi a kai ita ce, duk wata kyakkyawar manufa da za a iya cimma da gaskiya, haramun ne a neme ta da ƙarya. Abin da na fi natsuwa da shi shi ne tsayawa a kan zahirin hadisin, domin abubuwan da kika lissafa, fita unguwa da barci da cin abinci, babu ɗaya da gaskiya ta gaza a kansa. Ta dai fi cin lokaci, ta fi buƙatar haƙuri. Kukan yaro na 'yan mintoci a bakin ƙofa ba lalura ba ce. Lalura ita ce ki gan shi riƙe da reza, ko yana leƙa rijiya, ki rasa abin da zai janyo shi sai ki ce masa zo ga alawa. A nan ki faɗi duk abin da zai tsamo shi, babu laifi a kanki, in kuma da hali ki nemo alawar ki ba shi.

Batun alkawari yana da rabe-rabe. In kika ce za ki sayo biskit da niyyar saye, sai kika manta ko kuɗi suka ƙare, ba ki yi ƙarya ba. Ki ba shi haƙuri, ki cika in kin samu dama. In kuwa tun kina faɗa kin san ba za ki yi ba, wannan ita ce ƙaryar da ake rubutawa. Ƙara "in sha Allahu" a kai ba ya wanke ta. Abin takaici ne yadda yara da yawa a gidajenmu suka taso sun ɗauka in babba ya ce in sha Allahu, a'a yake nufi, kuma mu muka koya musu haka.

Dodo ya fi biskit nauyi, don ya haɗa ƙarya da firgitarwa. A hadisin Abu Dawud, wasu sahabbai suna tafiya tare da Annabi, ɗaya ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiyarsa da wasa, ya farka a firgice. Annabi ya ce bai halatta ga Musulmi ya firgita Musulmi ba. Wannan babban mutum ne aka ɗauke wa igiya. Ina ga yaron da kika kashe wa fitila, kika bar shi da abin da kika ce yana laɓe a bakin ƙofa? Ya yi shiru, gaskiya ne, amma shirun tsoro ne, kuma shi ne yaron da gobe zai kasa zuwa bayi shi kaɗai da dare, ko ya riƙa zabura cikin barci. Tsoratarwa da allura kuma tana da ranar biya, domin dole wata rana zazzaɓi ya kai ku asibiti ko lokacin rigakafi ya zo, ki tarar kin mai da mai maganin abokin gaba. Haka nan kada ki ce masa magani alawa ne. Yaron da ya yarda da hakan zai iya shanye kwalba in ya same ta ba kowa. Ki ce masa magani ne, da ɗaci, amma zai sa ka warke. Ki ce allura da zafi kaɗan, ina riƙe da kai.

Akwai wata kalma da ba ki ambata ba, amma tana yawo a bakin iyaye, kuma ta fi duk waɗannan muni: a ce wa ɗan shekara 4 Allah zai ƙona shi a wuta don ya zubar da abinci ko ya yi fitsari a kwance. Wannan faɗa wa Allah abin da bai faɗa ba ne, domin an ɗauke alƙalami daga yaro har sai ya balaga, kamar yadda ya tabbata a hadisi. Ina roƙon iyaye da girman Allah su bar wannan. Yaro ya fara sanin Ubangijinsa da rahama da kyauta.

Maganar surukarki cewa yaro bai san ƙarya ba, a ganina nan ne kuskuren yake. Bai san sunanta ba, amma yana lissafi. Ya san kin ce yanzu za ki dawo, ya tsaya a zaure har aka kira magariba. Shi ya sa gobe yake ƙara damƙe hijabin, don ya gane in ya sake ki ba shi da tabbas. Wato ƙaryar tana ƙara ƙulafucin da kike neman magancewa. Kuma bakin da ya ce ga Dodo, aka leƙa babu, shi ne zai ce kar ka taɓa wayar wuta, kar ka tsallaka titi, akwai kunama a cikin itacen nan. Waɗannan tsoratarwa ce ta gaskiya, wajibi ce ma a kanki, kuma kina buƙatar ya gaskata ki a kansu nan take.

To me za ki yi? In za ki fita, ki durƙusa daidai tsayinsa ki gaya masa inda za ki, ki ɗaure masa lokacin da abin da ya sani. Bai iya agogo ba, amma ya san kiran sallah: zan dawo bayan la'asar. Zai yi kuka. Ki miƙa shi ga wanda zai zauna da shi ki tafi, kada ki sulale a ɓoye, sannan ki dawo a lokacin da kika ce. In ya ga haka sau da yawa, kukan zai ragu da yardar Allah. Shagaltar da yaro kuma halal ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu cewa suna sa yaransu azumin Ashura, su yi musu abin wasa da ulu, in yaro ya yi kukan abinci su ba shi ya yi wasa har a sha ruwa. Sun ɗauke hankalin yaran ba tare da sun ce ga abinci nan tafe ba. Da dare, a madadin Dodo, ki ɗora hannu a kansa ki karanta masa abin da Annabi yake nema wa Hasan da Husaini tsari da shi, kamar yadda Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas, sai ki mai da lafazin na mutum ɗaya: U'izuka bi kalimatillahit tammati min kulli shaiɗanin wa hammatin wa min kulli ainin lammatin.

Tatsuniya ba ta cikin wannan babi. Ƙarya ita ce ki ba da labarin da ba haka yake ba don a ɗauka haka yake, ita kuwa tatsuniya tana shelar kanta tun daga "ga ta nan ga ta nanku" har zuwa "ƙurunƙus". Ki ci gaba da yi masa. Sai dai ɗan wannan shekaru kan cakuɗa labari da zahiri, don haka in ya ce "Umma, da gaske ne?" ki ce a'a, tatsuniya ce. Ki kuma rage masa masu ban tsoro gab da barci.

Abin da ya wuce ki yi istigfari, babu kaffara a kansa. Sai fa in kin haɗa da rantsuwa a kan abin da za ki yi, kamar ki ce wallahi zan sayo maka, kuma ba ki saya ba. Wannan akwai kaffarar rantsuwa da ke cikin aya ta 89 ta Suratul Ma'ida: ciyar da miskinai 10 ko tufatar da su, wanda bai samu iko ba ya yi azumin kwana 3. Surukarki kuma uwa ce, kada ki kai mata wannan amsa a matsayin hujjar kayar da ita. Ki gyara naki bakin. In ana son a yi mata magana, ɗanta ne ya fi dacewa ya ba ta labarin Laila da dabinon cikin ladabi, a lokacin da take cikin nishaɗi.

Wallahu a'alamu.