Ku Tambayi Masana: Binciken Radiyeshin da Bajin da ke Ƙirjin Ma'aikaci

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aikin shara da goge-goge a sashen ɗaukar hoto na wani asibiti a Jidda, wanda muke ce wa sashen ashi'a. An ba ni wani ɗan baji in riƙa maƙalawa a riga, ana karɓa duk wata uku. Na kuma ji ana cewa gwamnatoci na zuba kuɗi a binciken kare mutane daga radiyeshin. Me wannan bincike yake tsinana wa irina? Daga wata mai karatu, Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Adadin da ake gwada bajin nan naki da shi daga wannan binciken ya fito. Ciwon dajin da radiyeshin ke haifarwa yakan yi shekara 10 ko 20 ko fiye kafin ya bayyana, don haka sai an bi dubban mutane tsawon rayuwarsu kafin a gane komai. Babu ɗan kasuwar da zai jira haka ba riba, shi ya sa nauyin ya faɗa kan gwamnati. Japan da Amurka ke ɗaukar nauyin bibiyar mutum kusan 120,000 a Hiroshima da Nagasaki, akasarinsu waɗanda suka tsira daga bom ɗin 1945, kuma mafi yawan ƙa'idojin yau a kan sakamakon suka dogara.

Ma'aunin sunansa milisibat. Ma'aikaci kada ya wuce 20 a shekara idan an raba a kan shekara biyar, kuma kada shekara guda ta haura 50. Wanda ba aikinsa ba ne, 1 kacal, ban da na magani da wanda Allah ya halitta a ƙasa da iska, wanda matsakaicinsa a duniya kusan 2.4 zuwa 3 ne. Hoton ƙirji bai wuce 0.1 ba, amma siti sikan na ciki yakan kai 8 zuwa 10. Ƙa'idar kuma tana canjawa: da aka ga yanar ido na fitowa ga masu aikin kwashe ɓaraguzan tashar nukiliyar Chernobyl da ta fashe da likitocin da ke aiki gab da na'ura, a 2011 aka sauko da iyakar ido daga 150 zuwa 20.

A nan Saudiyya, hukumar sa ido kan nukiliya da radiyeshin da aka kafa a 2018 ita ke ba da lasisi. Bincike kuwa ana yin sa a jami'o'i, da Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdul'aziz, da Asibitin Ƙwararru na Sarki Faisal a Riyad. A ganinmu binciken da ya fi amfanar talaka shi ne wanda ba a yi masa biki: a auna nawa kowane asibiti ke ba majiyyaci a hoto iri ɗaya don a gano mai zarce iyaka, ko a gwada ruwan rijiyoyi masu zurfi a Ƙasim da Ha'il da Tabuk, inda aka san akwai sinadarin radiyam mai fitar da radiyeshin a duwatsun ƙarƙashin ƙasa.

To, bajin. Ba ya tare komai, lissafi kawai yake yi. A yawancinsu akwai ɗan ƙwayar sinadari da ke adana abin da ya shige ta, sai an kai ɗakin gwaji a karanta. Inda ake ɓata lissafin: a rataye riga da bajin a ɗakin hoto a tafi gida, sai ya nuna abin da jikinki bai sha ba, a ara wa abokiyar aiki, a bar shi a mota cikin zafin Jidda, zafi kuwa na iya goge wani ɓangare na abin da ya adana, ko a sa shi a jaka ya bi ta na'urar binciken kaya a filin jirgi. Ki nemi jami'in kariya na asibitin ya nuna miki sakamakonki.

Ɗakin hoto na yau da kullum ba ya riƙe radiyeshin. Da an kashe na'ura shi ke nan, ki yi shararki. Inda za ki kula shi ne sashen da ake yi wa majiyyaci allura ko ba shi maganin nukiliya. Cikin irin waɗannan magunguna, teknishiyam yana rage rabin ƙarfinsa cikin awa 6, aidin-131 sai kwana 8, kuma yana fita ta fitsari da yawu da gumi. Ki sa safar hannu, kada ki haɗa zanen gadon da sharar ɗakin da sauran sai an auna. Rigar dalma a rataye ta, kada a ninke, don dalmar tana tsagewa ta ciki ido bai gani ba. In kika samu juna biyu ki sanar da wuri, domin iyakar jaririn da ke cikinki milisibat 1 ce har haihuwa.

Tambaya: Ina harkar sakrab, wato tsofaffin ƙarafa, a wajen Makka. Yaya zan gane ƙarfe mai haɗari?

Amsa: Alhaji, duba alamar nan mai fuka-fuki uku kamar fanka a kan rawaya, da nauyin da ya fi girman abin, saboda garkuwar da ke ciki. Irin waɗannan daga kayan duba waldar bututun mai suke fitowa, masu ɗauke da iridiyam-192, ko ma'aunan masana'antu masu siziyam-137. A 1987 a garin Goiania na Brazil wasu masu jari bola suka fasa tsohuwar na'urar asibiti, mutum huɗu suka mutu, aka gwada mutum sama da 100,000. Kada ka yanka, kada ka sa a aljihu ko a mota. Ka ja da baya da yaranka, don ninka tazara sau biyu na rage abin da ke isowa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, sannan ka kira Difa'ul Madani, wato hukumar agajin gaggawa da kashe gobara, a 998. Wanda ya taɓa ya fara amai cikin sa'o'i, ko ƙuna ta fito masa bayan kwanaki ba tare da wuta ba, ya gaya wa likita ainihin abin da ya riƙe.

Tambaya: Da gaske ne shan madara na wanke radiyeshin daga jiki?

Amsa: A'a. Hasken hoto ratsawa yake ya wuce, ba ya zama a jiki balle a wanke shi. Wanda aka ba maganin nukiliya kuwa, ruwa da yawa da yawan fitsari ake umartarsa da su.