Beli ne ko Tsiro? Amsoshin Tambayoyinku

Wata uwa daga Gusau ta ce likita ya shaida mata ɗanta mai shekara 5 yana da tsiro a bayan hanci, kakarsa kuwa ta ce beli ne, a kira wanzami. Shin abu ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne, Hajiya. Beli shi ne ɗan naman da ke reto a ƙarshen ganɗa, duk wanda ya wage baki gaban madubi zai gan shi. Wanda likita ke nufi yana can sama, inda kafar hanci ta haɗu da maƙogwaro, ido ba ya kaiwa, balle aska. Sunansa na asibiti adinoyid. Kowane yaro na da shi. Yawan mura da ƙura ke kumbura shi, sai ki ga yaro na barci baki buɗe, ga minshari kamar na dattijo, wani lokaci kunne ya toshe. Yakan motse da kansa in yaro ya doshi balaga. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda muka ɗora wa beli laifin komai. Tari beli, rama beli, ƙin nono beli! Kalmar da aka laƙaba wa kowace cuta ta tashi daga aiki. Ki lallashi Kaka, ki koma wurin likitan.

Wani malamin makaranta na tambaya: tsiro da ƙari, wanne ne ciwon daji?

Babu ko ɗaya da ke nufin daji kai tsaye, Malam. Tsiro abin da ya tsira ne, ƙari abin da ya ƙaru a jiki. Sai an yanki kaɗan an duba a san irinsa. Amma a babban mutum ba a wasa da tsiro a bayan hanci, musamman in ga haɓo, kunne ɗaya ya toshe, wuya ya yi ƙulli. Dajin wannan wuri yana da alaƙa da ƙwayar cutar Epstein-Barr da aka gano a 1964, da gado, da shan taba. Ya fi yawa a kudancin Sin, inda ake cin busasshen kifi mai gishiri tun yarinta. Mu muka ce hanci bai san daɗin gishiri ba. A can dai ya san wuyarsa.

Wata ɗaliba: "hangum" ko "hangun"?

Duk ana ji. Kumburin gefen kumatu ne, ba ruwansa da bayan hanci.