Amsa ga mai tambaya kan jirgin ƙasa, daga wani ɗan Damagaram

Salamu alaikum. Ƙanena na ga tambayarka tun shekaranjiya, ka ce mu da muke ta zuba hotunan jirgin ƙasa mi ya fi ɓata mana rai a harkar, kuma wai mi ya haɗa ɗan Damagaram da jirgi tunda ko taƙi ɗaya na dogo babu a garinmu. Na so in ƙyale don zancen na da tsawo amma bari dai in taɓa, in na cika ku da surutu ku yi haƙuri.

Ta biyun zan fara da ita don ita ce mai sauƙi. Dogo bai zo Zinder (Damagaram ke nan) ba gaskiya ne, amma arzikin Zinder ya hau dogo. Tun da dogo ya iso Kano a 1911 gyaɗarmu da fatunmu can suke gangarawa, da a bayan raƙumi da jaki, daga baya a kamiyo. Turawan Ingila ma ba banza suka miƙo rassa wajen iyakarmu ba, Kaura Namoda a 1929, Nguru a 1930. Mu kuwa namu Turawan a 1926 suka kwashe hedkwata daga nan suka kai Yamai, dogonsu da ya taso daga Kwatano ya zo Paraku cikin ƙasar Benin ya tsaya, har yau yana nan tsaye. Babana Allah ya jiƙansa direban kamiyo ne, shi ya fara kai ni Kano ina ɗan lakwal wajen 1983, muka shiga jirgin Nguru. Kujerar katako ce, ɗuwawu ya ji jiki, mata na miƙo dafaffen ƙwai da rake ta taga a Ringim da Malam Madori, ni ko ban ci komai ba na kafa kai a taga ina jiran kwana don in hango kan jirgin yana jan mu. Tun ranar ciwon ya kama ni bai sake ni ba.

To abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ba lattin jirgi ba ne, ba cunkoso ba ne, wannan duk mai sauƙi ne. Rashin ajiya ne. Mu ba mu iya ajiye komai ba wallahi.

Shekara kamar tara da suka wuce na je sayen kayan aiki Najeriya (ni mai walda ne, ga wanda bai sani ba) sai na ratsa wata tasha da aka ce mini akwai tsofaffin kawunan jirgi masu kwal a bayanta. Ba zan faɗi sunan tashar ba. Na same su guda uku a jere cikin ciyawa, ɗaya har bishiya ta tsiro ta wajen tsayuwar direba ta fito ta rufi, awaki na kwance a inuwar ƙafafun, kuma ƙafa ɗaya ta kusa kai mini kafaɗa. Na zagaya ina neman farantin nan na tagulla da ake mannawa a gefe, mai ɗauke da sunan kamfanin da ya ƙera da shekara da lamba, sai ramukan ƙusa huɗu kawai na gani. Duk wani bututu na jan ƙarfe an zare, agogunan awon tururi an cire, kuma ni da nake riƙe gas kullum na san yankan da ya shekara da wanda bai yi sati ba, bakin yankan ko tsatsa bai fara ba. Ina fiddo talho zan ɗauki hoto sai ga mai gadi a guje, wai an hana, sai da takarda daga sama. Na ce baba mai yanka fa, shi wa ya ba shi takarda? Ya yi shiru ya kau da kai. Ban ga laifinsa ba sosai, albashinsa nawa ne, amma ka duba fa, mai hoto shi ne abin tsoro, mai tukunyar gas kuwa ɗan gida ne.

A nan bakin tashar wani mai shayi ya haɗa ni da wani dattijo da ya yi aikin zuba kwal a jirgi tun yana saurayi. Ya kai ni gidansa ya shiga ɗaki ya fito da wani abu a naɗe cikin tsohon zane, ashe fitilar hannu ce ta reluwe, mai gilashi ja da kore da ake juyawa a ba direba alama da dare. Ya goge ta da hannun rigarsa kamar mai goge fuskar jika. Mun fi awa uku yana ba ni labari, yadda ake gane wuta ta ƙoshi daga launinta, yadda ba a jibga kwal wuri guda sai an watsa shi ko'ina cikin murhun in ba haka ba tururi ya faɗi a tsakiyar hawa, yadda kwal ɗin daga Inugu ake kawo shi, da inda ake tsayawa shan ruwa don jirgi mai kwal ya fi raƙumin da ya dawo daga Bilma ƙishirwa. Na ce masa zan dawo in ɗauki muryarsa. Yau gobe yau gobe sai da na shekara biyu. Da na koma an ce ya rasu, na tambayi fitilar ɗansa ya ce ai an haɗa da tsofaffin tukwane an ba ƴan gwangwan, a kilo aka auna. Wannan kam ba gwamnati ba ce ta yi mini, ni na yi wa kaina, shi ya sa in ina zagin masu sakaci nake sassauta murya.

Kuma ba wai ajiyar ba ta yiwuwa ba ne. A Ebute Metta cikin Legas akwai Jaekel House, tsohon gidan manyan reluwe da wata ƙungiya ta masu sa kai ta gyara ta mai da shi ɗan gidan tarihi, a Nairobi ma akwai gidan tarihin jirgi tun 1971 kawunan jirgi na jere ana biya a shiga. A Ingila tsofaffi ƴan fansho ne ke haɗa kuɗi su tada jirgi mai kwal ya yi tafiya ana kallo. Duk faɗin ƙasar Hausa da dogo ya yi wa hidima sama da shekara ɗari ni dai ban taɓa shiga wurin da aka share aka ce ga kan jirgi guda ɗaya an shafa masa fenti yara su zo su gani ba.

Tsoho ke nan. Sabon ma bai tsira ba. A watan Afrilun 2014 aka buɗe tashar jirgi a Yamai da kiɗa da shugabannin ƙasashe, kamfanin Bolloré ya shimfiɗa dogo wajen kilomita 140 zuwa Doso, aka ce zai je ya haɗu da na Paraku. Shari'a ta taso a Benin kan wa ke da haƙƙin gina layin, aiki ya tsaya, dogon bai taɓa yin jigilar kasuwanci ba. Duk wanda ya bi hanyar Yamai a bas ya gan shi a gefen kwalta, wani wuri rairayi ya binne wani wuri ruwa ya zaizaye ƙasan ya bar ƙarfe a rataye. Ni in mun zo nan juya kai nake.

Sai maganar da ke sa ni ciwon kai in ana gardama a fada, masu cewa ai kawai a jona namu da na Najeriya. Ba ya jonuwa malam. Na Benin da na Doso faɗinsu milimita 1,000 ne, tsohon na Najeriya 1,067, sabon irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuma 1,435. Tsakanin na farko da na biyu milimita 67 ce kacal, tsawon ɗan yatsa, amma tarago ba zai taka ba ko ka yi ta addu'a. Na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 shi ma mai faɗin ne, ke nan ko an gama shi ba zai gaisa da na Doso ba sai an sake wani aikin. Kuma ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, Daura fa da ke nan bakin hancinmu, ya karkata yamma ya bar mu muna leƙe. Maraɗawa kar ku ji haushi, barka muke muku, da ɗan kishi kaɗan.

Ƙananan abubuwa kuma suna da yawa, mai labari ya rubuta jirgin Kano ya manna hoton jirgin Sin mai kan harsashi, ko a ce maka kai da furfurarka kake bin jirgi kamar yaro. Uwargida ma ta daina magana, in ta ga na tsaya a bidiyon jiniyar jirgi sai ta ce to an fara.

Kai da ka yi tambayar, ka ce kakanka ya yi fatauci Kano. In yana da rai ka je masa da goro yau ɗin nan ka kunna talho ka tambaye shi yadda ake auna gyaɗa a loda a tarago, da nawa ya biya tikitinsa na farko. Wanda kuma ke da tsohon tikiti ko fitila ko hular reluwe a ƙasan adaka, don Allah kar a kai ma ƴan gwangwan, a yi mini magana zan ninka abin da sikelinsu ya ba da.