Tallafin Binciken Gano Sankara da Wuri: Amsa Daga Gombe

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce kina karatun digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma a nan Gombe, kina so ki yi bincike kan gano sankarar mama ko ta bakin mahaifa tun ba ta yi nisa ba, amma duk tallafin da kika gani a intanet kin rasa wanda zai karɓi ɗaliba irinki. Na daɗe a wannan harka tsakanin asibiti da jami'a, na nema an ba ni, na nema an hana ni, na kuma zauna cikin masu tantance takardun wasu, don haka zan faɗa miki abin da na gani.

Manyan kuɗaɗen da ke ɗauke da sunan gano ciwon daji da wuri, yawancinsu ba domin mu aka ware su ba. Ƙawancen ACED da ƙungiyar Cancer Research UK ta kafa a 2019 tare da wasu jami'o'i na Ingila da Amurka misali ne: kuɗinsa na masu aiki ne a cibiyoyin da ke cikin ƙawancen, kuma hankalinsa ya fi karkata ga sababbin gwaje-gwajen jini da na'urorin ɗaukar hoto. Kada ki ɓata watanni kina ƙwanƙwasa wannan ƙofa. Na ga matasa da dama sun rubuta cewa za su gano sabon sinadari a jini mai nuna sankara, alhali ɗakin gwajin da suke aiki ba shi da firjin da zai riƙe samfur idan wuta ta ɗauke kwana biyu. Mai tantancewa yana gane wannan tun a shafin farko.

Abin da muke da shi wanda babu a can shi ne tambayoyin da sai a nan za a iya amsa su. Ƙiyasin 2022 na IARC, hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ya nuna Najeriya tana samun sababbin masu ciwon daji kusan 128,000 a shekara, kuma kusan 80,000 suna rasuwa, sankarar mama ce kan gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa buri a 2021 cewa aƙalla kashi 60 cikin ɗari na masu sankarar mama a gano su a mataki na ɗaya ko na biyu, a kuma kammala tabbatar da cutar cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti. Mu kuwa mafi yawan matanmu a mataki na uku ko na huɗu suke iso mana. Duk wanda ya zauna a ɗakin ganin likitan tiyata ya san yadda abin yake: mace ta shigo ta rufe ƙirjinta da zane ninki biyu saboda ruwan da ke fita, idan aka tambaye ta sai ta ce tun kafin damina ta ji ƙullutun, ta fara da shafe-shafe a gida, ta je kemis aka ba ta maganin ƙurji, ta je asibitin sha-ka-tafi aka ce ta dawo idan bai baje ba, sannan ta jira a sayar da amfanin gona kafin a sami kuɗin mota. A cikin wannan labari akwai jinkiri iri huɗu, kuma ba laifin matar ba ne duka. Wanne ne ya fi cin lokaci a Dukku ko Nafada ko Kaltungo? Wata nawa ake yi tsakanin yanko ɗan tsoka da fitowar sakamakonsa? Wannan bincike ne na gano cuta da wuri, cikakke, kuma irinsa ne masu bayar da tallafi ga ƙasashe irin tamu suke nema.

A ɓangaren bakin mahaifa ma haka ne. Burin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shelanta a Nuwamban 2020 shi ne zuwa 2030 a yi wa kashi 90 na 'yan mata rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, a duba kashi 70 na mata, a yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da matsala magani. Najeriya ta fara rigakafin a Oktoban 2023 ga 'yan shekara 9 zuwa 14, amma iyayensu mata dubawa kawai za ta cece su. Shin matanmu za su fi yarda su ɗauki samfur da kansu a gida, maimakon su kwanta a duba su da ruwan khal a asibiti? Me miji zai ce? Ga tambayar da za ta ɗauki digiri guda.

Ki fara da abin da ba ya cin kuɗi sosai. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe yana da rijistar masu ciwon daji da sashen binciken tsoka, haka ma akwai bayanai a asibitin koyarwa na Bauchi. Ki nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike, ki zauna da fayilolin shekara biyar, ki fitar da shekarun marasa lafiya, da garuruwansu, da matakin da suka zo da shi, ki buga a mujalla mai mutunci. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wannan 'yar takarda ita ce za ta nuna wa mai kuɗi cewa kin san filin kuma kina gama abin da kika fara.

Daga nan sai ƙananan tallafi. Ƙungiyar RSTMH ta Ingila, mai kula da cututtukan ƙasashe masu zafi, tana bayar da har fam 5,000 na aikin shekara ɗaya ga masu tasowa daga ko'ina a duniya, kuma a ganina shi ya fi dacewa da matsayinki yanzu. A cikin gida, asusun TETFund na tallafa wa manyan makarantun gwamnati yana da tallafin bincike na matakin makaranta da kuma babban asusun bincike na ƙasa, wanda ake fara nemansa da gajeriyar takardar bayyana manufa kafin a buƙaci cikakkiya. Sai dai malaman manyan makarantun gwamnati ne ke nema, ba ɗalibai ba, saboda haka hanyarki ita ce ki shawo kan malamin da ke duba aikinki ya nema, aikinki ya zama reshe a cikin nasa, kuma a rubuta sunanki a cikin tawaga tun farko, ba alkawarin baki ba. Ki riƙa bibiyar sanarwar NICRAT, cibiyar binciken ciwon daji ta ƙasa da ke Abuja, wadda dokarta ta fito a 2017 ta kuma fara aiki a 2023.

Idan kin gama digirin kuma kina da takarda ɗaya ko biyu, akwai BIG Cat, tallafin shekara biyu na masu binciken ciwon daji 'yan Afirka masu tasowa, wanda AORTIC, ƙungiyar bincike da horarwa kan ciwon daji ta Afirka, ke cikin masu gudanar da shi. Ki shiga ƙungiyar tun yanzu. Gidauniyar Conquer Cancer ta likitocin ciwon daji na Amurka ita ma tana da tallafin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Domin koyon aiki kuwa, UICC, haɗakar ƙungiyoyin yaƙi da ciwon daji ta duniya, tana ɗaukar nauyin mutum ya je wata cibiya na kimanin wata guda ya koyo wata fasaha ya dawo, IARC kuma tana da kwas na bazara a birnin Liyon na Faransa mai ɓangaren rigakafi da gano cuta da wuri. Guraben karatu irin su na Commonwealth da na DAAD ta Jamus sanannu ne, ba sai na tsaya a kansu ba. Sharuɗɗa da ranakun rufewa suna sauyawa kowace shekara, ki karanta su a shafin masu tallafin da kansu, kuma duk wanda ya ce ki biya shi kuɗi ya samo miki tallafi, ki rabu da shi.

Wurin da na fi ganin takardun mutanenmu suna faɗuwa shi ne kasafin kuɗi, kuma wannan ya fi damuna fiye da komai. Mutum zai rubuta cewa zai duba mata dubu, ya sa kuɗin fetur da riguna da allon sanarwa, amma bai sa ko kwabo na matar da za a samu da matsala ba. Wa zai biya kuɗin motarta zuwa Gombe? Wa zai biya yanko tsoka da gwajinta? Wa zai kira ta idan ba ta dawo ba? Na taɓa haɗuwa da wata baiwar Allah da aka gaya wa a wani gangamin duba mata cewa an ga alama a bakin mahaifarta, aka miƙa mata 'yar takarda, masu gangamin suka naɗe rumfarsu suka tafi. Ta ajiye takardar a cikin kwalla fiye da shekara, tana kwana da fargaba, har jini ya fara zuba. Ki rubuta hanyar da za a bi da kowace mace tun daga ranar dubawa har zuwa magani, ki samo wasiƙar amincewa daga likitan mata ko na tiyata da zai karɓe su, kuma ki rage yawan waɗanda za ki duba idan kuɗin ba zai kai ki bi su duka ba.

Ki kuma tuna kayan gwaji da dala ake sayo su, kuma tun da aka saki naira a 2023 farashi yakan sauya tsakanin ranar rubutawa da ranar fitowar kuɗi. Ki karɓo farashi a rubuce daga masu sayarwa, ki bar ɗan rara gwargwadon yadda aka yarda. Yawancin tallafi ta asusun makaranta yake shigowa, kuma sa hannun ofisoshi yana cin makonni, don haka ki fara neman wasiƙar makaranta da izinin kwamitin ɗa'a aƙalla wata biyu kafin ranar rufewa.

Ki rubuta shafi biyu: tambayarki a jimla ɗaya, wurin da za ki yi aikin, matan da za ki bi, da abin da zai faru da wadda aka samu da cutar. Ki sa shi a nan cikin zauren, ni da sauran waɗanda suka taɓa nema za mu duba miki, in Allah ya so.