Amsoshin Tambayoyinku: Kare Zai Shigo Gidan Maguna

Salamu alaikum. Maigidana yana kula da wata gona a bayan Ɗa'ifa, a nan muke zaune da yara da maguna uku. Mai gonar ya ce mu nemo kare saboda tumaki, shi zai biya. Babbar magen ta shekara tara a hannuna, tun da aka yi maganar nan na kasa barci don tsoron kada a kashe min ita. Wane iri za mu saya? Daga wata uwa a Ɗa'ifa.

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kwantar da hankalinki, gidaje da yawa sun haɗa su an zauna lafiya. Ta fuskar addini ma kuna kan hanya, domin hadisan Bukhari da Muslim da suka yi maganar raguwar ladan mai ajiye kare sun cire karen farauta, da na kiwo, da na gona. Wurinsa dai waje ne, ba ɗakin da kuke salla ba, wannan kuwa ya rage miki rabin damuwar, tunda cikin gida na maguna ne.

Ku nemi ɗan kwikwiyo mai sati 8 zuwa 12, kada ya gaza haka. A wannan shekarun ne kare yake koyon wane ne ɗan gida, wane ne abin kora. Kuma ku ɗauko shi daga gonar da uwarsa take zaune cikin kaji da awaki. Maigida ya je da kansa ya tsaya ya kalle ta. Idan kaza ta gitta uwar ta ɗaga kai ta koma barcinta, to alhamdu lillahi. Idan kuwa ta ƙame, ta kafa ido, ta yi ƙasa da ƙirji, ya yi sallama ya tafi. Karen gargajiya na ƙasar nan ta Saudiyya ya fi na Turai jure rana da kaska, sau da yawa ma kyauta ake bayarwa.

Ranar da ya zo kada ki haɗa su. Ki goga masa tsumma ki ajiye kusa da makwancin maguna, ki goga musu wani ki kai masa, a yi kwanaki a haka. Bayan nan su ga juna yana ɗaure da igiya a hannun babba, ba yaro ba. Kada a riƙe magen a miƙa masa wai su gaisa, farcenta zai iya tsiyaye masa ido. Ki bar mata wajen hawa, kan katanga ko kan kabad, inda ba zai kai ba. Huci da kumbura jela ba komai ba ne, za su wuce. Abin da nake so ki sa wa ido shi ne cin abincin tsohuwar: idan ta yi kwana biyu ba ta ci ba, a kai ta wajen likitan dabbobi, don yunwa tana saurin taɓa hantar kyanwa. A kuma gaya wa mai gona cewa kwikwiyo ba ya gadi sai ya doshi shekara.

Ina zaune da iyayena a hawa na uku a Jidda, ƙanwata tana da mage. Na ga ana tallan kwikwiyon Husky na asali a intanet, satinsa 5, idonsa shuɗi, da katin allura cikakke, riyal 1,200. In tura kafin alƙalami? Daga wani matashi.

Ɗana, kada ka tura ko halala ɗaya. Husky karen Saiberiya ne, an yi shi don jan kaya a kan ƙanƙara, kai kuma kana so ka kulle shi a bene a Jidda inda zafi da gumi ke hana mutum numfashi a watan Agusta. Yana cikin karnukan da suka fi son bin ƙananan dabbobi, magen ƙanwarka kuwa ƙaramar dabba ce. Me zai yi maka gadinsa a hawa na uku, takalma? Ka tambayi mahaifinka? Ka tambayi mai gidan?

Amma bari in tsaya a kan tallan nan, domin irinsa ne yake cinye kuɗin yaranmu. Kwikwiyo mai sati 5 bai isa rabuwa da uwarsa ba, balle a ce allurarsa ta cika. Allurar farko ana yin ta ne a sati 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa duk bayan sati uku ko huɗu har ya kai wajen sati 16, ta haukan kare kuma sai ya kai sati 12. Wanda ya ce maka ya gama duk wannan a sati 5, ko dai ya yi ƙarya a shekarun, ko ya yi ƙarya a katin. Shuɗin ido ma ba shaida ba ce, 'yan kwikwiyo da yawa da shi suke buɗe ido, daga baya ya rine.

Katin gaskiya yana da alama. Kowace kwalbar allura tana da 'yar takarda mai gam da likita yake ɓarewa ya manna a katin, ɗauke da lambar rukunin maganin da ranar lalacewarsa, kusa da ita ga kwanan wata, ga hatimi, ga sa hannu. Kati mai rubutun biro kawai takarda ce. Ko da hatimin, ka nemo lambar asibitin da kanka ka kira, kada ka kira wadda mai sayarwa ya ba ka. Ka ce kana so ka ga uwar da idonka. Idan ya ce ku haɗu a bakin gidan mai da dare, ka san cinikin biri a sama yake so ku yi.

Abin da ke biyo baya kuma sananne ne. Kwana uku zuwa bakwai kwikwiyon ya daina cin abinci, sai amai, sai gudawa da jini mai wari. Cutar parvo ke nan. Sai kwanciya a asibiti da ƙarin ruwa, kuɗin ya haura na sayen, wani lokacin kuma ya mutu duk da haka, lambar mai sayarwa a kashe. Ƙwayar cutar tana yin watanni a gida, wasu nau'o'inta suna kama kyanwar da ba a yi wa allura ba. Riyal 1,200 ɗin nan gumin wani ne, ina jin na mahaifinka. Su kuma masu wannan sana'a, suna samun mu ne saboda muna sayen hoto.

Abokina ya ba ni karen saluƙi babba kyauta, muna da mage a istirahar da nake gadi, wato gidan shaƙatawa. In karɓa?

Saluƙi kare ne mai daraja, Larabawa sun daɗe suna kama zomo da barewa da shi. Duk abin da ya ruga a gabansa binsa zai yi, kuma mage ba ta tsere masa a fili. Idan bai tashi da maguna tun yana ƙarami ba, ka yi godiya ka bar masa abinsa.

Don rage kashe kuɗi, zan iya ba kare da maguna abinci ɗaya, in kuma raba musu maganin kaska ɗaya? Daga Madina.

Malam, abinci a'a, magani kuwa a'a da babbar murya. Kyanwa tana buƙatar wani sinadari mai suna taurin da abincin kare ba ya wadatar da ita da shi, rashinsa yana lalata mata ido da zuciya a hankali. Kwanonta ya hau sama, in ba haka ba karen zai lashe. Shi kuwa maganin kaska da ƙuma na karnuka, wanda ake ɗigawa a ƙeya, da yawansa yana ɗauke da permethrin, guba ce ga kyanwa: rawar jiki, dalala, farfaɗiya, har mutuwa. Ko ba ka ɗiga mata ba, idan ta lashi karen ko ta kwanta a jikinsa kafin maganin ya bushe, zai iya kama ta. Ka karanta bayan kwalin kafin ka biya, ka gaya wa mai kantin kana da maguna, kuma ka raba su kwana biyu zuwa uku bayan ka sa wa karen.