Bindigar roba a Katsina: dakata kafin ka tura wa ejan kuɗin nan

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne mai shagon kayan waya a cikin birnin Katsina, shekarata shida a wannan sana'a. Na tara naira miliyan 6, ina so in buɗe wata harka daban. Akwai wani wasa da nake yawan kallo a YouTube, ana ce masa eyasof, samari su kasu gida biyu suna harbin juna da bindigogi masu harsashin roba. Ejan ɗina na Guwanzu, a ƙasar Sin, ya ce zai samo mani guda 20 masu kama da AK47, ya cusa su cikin kayana da sunan kayan wasan yara. Kawuna kuma yana da gona a hanyar Dutsinma, ya ce in yi amfani da ita. A lissafina mutum 20 kowa ya biya naira 5,000, zagaye uku a rana, zan riƙa samun miliyan 9 a wata. Me zan nema a wajen hukuma, kuma kana ganin harkar za ta fitar da ni?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa neman albarka. Abu na farko, in ka riga ka yi wa ejan ɗin nan alkawarin kuɗi, kira shi yau ka ce ya dakata. Dalilin zai fito a hankali.

Idonka ya gano gaskiya guda ɗaya: samarin Katsina suna da ƙishin wurin shaƙatawa. In ka cire gidan kallon ƙwallo, da teburin sinuka, da zaman majalisa, ina ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko na Al-Ƙalam zai je da yammacin Asabar? Kasuwar tana nan. Kayan da ka zaɓa ka shiga da su ne nake jin tsoro.

Shi wannan wasa a Japan aka ƙirƙiro shi cikin shekarun 1970, ƙasar da farar hula kusan ba ya iya mallakar bindigar gaske, sai aka ƙera masu kama da ita don masu sha'awa. Kamfanin Tokyo Marui ya fito da mai aiki da batir a 1991, daga nan abin ya bazu a duniya. Harsashin ƙwayar roba ce mai faɗin milimita 6, nauyinta bai wuce giram 0.20 ba a wadda aka fi amfani da ita, amma tana fita da gudun kusan mita 100 a daƙiƙa ɗaya. Ba ta kisa, sai dai tana fasa ido, tana karya haƙori. Kuma daɗin wasan a wajen masu yinsa shi ne bindigar ta yi kama da ta gaske sak, har nauyi. Abin da ya sa ake sonta ke nan, shi ne kuma matsalarka.

Ko ƙasashen da kake kallon bidiyonsu ba sakaka suka bar abin ba. A Ingila, wata doka ta 2006 ta hana sayar da bindigar kwaikwayo mai kama da ta gaske sai ga wanda yake da hujja, kamar ɗan wasan da ya yi rajista a fili sananne. Saura sai dai su sayi wadda aka shafe da launi mai ɗaukar ido. A Amurka doka ta ce a sa wa bakin bindigar alamar ruwan lemo. Duk da haka, a watan Nuwamban 2014, ɗan sanda a birnin Kilibilan ya harbe wani yaro ɗan shekara 12 mai suna Tamir Rice, yana riƙe da irin wannan bindiga wadda alamar bakinta ta cire. Wannan fa a wurin shaƙatawa na cikin gari, a ƙasar da ba ta da dajin Rugu, maɓoyar 'yan bindiga.

To mu dawo gida. Dokar makamai ta Najeriya tun 1959 take, ta girmi wasan nan, don haka ba za ka ga sunansa a cikinta ba. Amma ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin na soja, waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai, waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu. Sai kuma irin ta maharba da ake ɗura wa albarushi ta baki, wadda ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. A gida na biyun nan doka ta lissafo bindigogin iska, dogaye da gajeru. Taka kuwa, ko batir gare ta ko sifirin, iska ce ke tunkuɗo ƙwayar. Lauya mai kaifin baki zai iya tsayawa gaban alƙali ya ce dokar makamin da ke kisa take nufi, wannan kuwa ba ta kisa. Wataƙila ma ya yi nasara. Amma ka lura da inda ake yin wannan muhawara: a kotu, bayan ka kwana a ofishin 'yan sanda, an jera bindigoginka a ƙasa, an zaunar da kai a bayansu an ɗauki hoto. Ko an wanke ka daga baya, hoton nan ba ya goguwa daga Facebook, kuma hukuncin mallakar bindiga ba lasisi yana kai shekara goma. Ƙari a kan haka, a 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da cewa an dakatar da ba da lasisin bindiga.

Sai maganar shigo da su, kuma nan ne raina ya fi ɓaci da ejan ɗinka. Hukumar kwastan tana da jerin kayan da aka haramta shigo da su kwata-kwata, ba maganar biyan haraji. Ƙaramar bindigar iska tana cikin jerin. Kayan da suka shafi tsaro kuma, irin su kakin soja da rigar sulke da jirgi maras matuƙi, sai da takardar da 'yan kiliyarin, wato masu fitar da kaya daga hannun kwastan, ke kira EUC, wadda ke fitowa daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Shi ejan da ya ce a rubuta kayan wasan yara, yana Guwanzu, ya karɓi kamashonsa. Sunan wa ke jikin takardar kaya? Naka. Ranar da aka buɗe kwalin a tashar ruwa ko a filin jirgin Kano aka ga AK47 guda 20 kwance cikin leda, ba su kaɗai za a riƙe ba, har cajojinka da murafen waya da ka shekara shida kana juyawa. Laifi biyu ke nan, kayan da kansu da kuma ƙaryar da aka yi a takarda. Ejan mai irin wannan shawara, ko a kayan wayar ma ka fara sa masa ido.

Mu ƙaddara sun iso lafiya. Yanzu ka zuba su a but ka ɗauki hanyar Dutsinma ranar Asabar da la'asar. Shinge nawa za ka wuce? Soja ya ce buɗe but, ya leƙa, yatsansa na kan kunama. Daƙiƙa nawa gare ka ka yi masa bayanin wasan Japan? Ka kuma ƙaddara kun isa gonar. Samari 20, fuskoki a rufe, wasu da wandon soja na gwanjo, suna rarrafe a bayan kunya da bindigogi. Mai keke ya hango ku daga nesa. Mutumin nan ya san abin da ya faru a Ƙanƙara a Disambar 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makaranta. Yana da dangi a Batsari ko Safana ko Jibiya. Ba zai matso ya tambaya ba, waya zai buga. Waɗanda za su amsa kiran, ko 'yan sanda ne, ko 'yan sintirin da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a 2023, ko 'yan banga da bindigar toka, tasu ba ta roba ba ce. Gonar kawu dai a cire ta daga lissafi, kuma ka yi masa godiya. Shi ma kakin soja, farar hula ya sa shi laifi ne mai zaman kansa, sojoji sun sha yin gargaɗi a kai.

Akwai wata fuskar da ba ka kawo ba. Bindiga 20 masu kama da na gaske a ɗakin ajiya kaya ne da ɓarayi za su so fiye da wayoyinka. Mai tare hanya ba ya buƙatar ta yi harbi, ta tsoratar kawai. In aka kama wani da ita ya ce daga wajenka ta fito, kai ma ka shiga.

Yanzu lissafi. Miliyan 9 ɗin nan a takarda kawai take. Wa zai yi gudu da abin rufe fuska da ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilun Katsina? Lokacinka daga bayan la'asar ne zuwa kiran magariba, awa biyu da ɗan wani abu, kuma Asabar da Lahadi. Ka ce kwana 8 a wata, zagaye biyu, mutum 12 a kowanne, a farashin da ka yanka: naira 960,000 ke nan, in komai ya tafi daidai. Cire watan azumi, cire ranakun ruwa a Agusta, cire lokacin jarabawa da hutun jami'a. Sannan ɗalibin da ya biya 5,000 ya ɗauki hoto ya ɗora a TikTok ya samu abin da ya zo nema, ba lallai ya dawo mako mai zuwa ba. Daga abin da ya rage za ka biya haya, mai gadi, alƙalin wasa, ƙwayoyi, caji, da gyara. Cikin bindigogin nan akwai giya da fistin na roba da ke cinyewa, ƙurar hunturu ba ta raga masu, kuma ba makanike ko ɗaya a Kasuwar Tsakiya da zai ce maka kawo in duba. Duk wadda ta tsaya sai ka jira kaya daga Sin, ka sake bi ta ƙofar kwastan ɗin nan.

Ido kuma fa? Wata ƙaramar Salla, ɗan maƙwabcina ya dawo daga kallon hawa a Ƙofar Soro da kuɗin barka da salla, ya sayi 'yar bindigar nan ta yara mai ƙwayoyi rawaya. Kafin magariba ya sami ƙanwarsa a ƙasan ido, wurin ya tashi kamar ƙwan tantabara, farin idon ya yi jajir. Allah ya tsare, amma sai da aka yi sati ana zaryar asibiti. Wannan ta yara ce. Taka ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ɗan mutane ya rasa ido a filinka, takardar da ya sa wa hannu ba za ta hana ubansa zuwa gidanku ba.

Me nake ba ka shawara? Ka raba abin da kake sayarwa da abin da kake sha'awa. Abin da samari za su biya shi ne guje-guje, ɓuya, ihu da cin galaba a kan abokan hamayya. Akwai wasan bindigar haske, wanda ba abin da ke fita daga bakinta sai haske maras gani irin na rimot, rigar ɗan wasa ta yi ƙara in an same shi, na'ura ta ƙirga maki. Ba ƙwaya, ba ciwo, yaro ɗan shekara goma zai yi, kuma akwai masu launin kore da ja da ko makaho ya shafa ya san ba AK ba ce. Irin su za ka nema, ba baƙaƙe ba. Ana yinsa a cikin gini, to ka ga rana da ruwan sama sun daina yanka maka lokaci, dare ma ya zama naka. Wasan harbin fenti kuma ana yinsa a Abuja da Legas. In shi ya fi kwanta maka, sayi tikitin mota ka je ka biya ka buga, ka zauna da mai wurin ka tambaye shi takardun da ke hannunsa da yadda kayansa suka shigo. Amma ka sani shi ma da matsattsiyar iska yake aiki, tambayar lasisin nan tana binsa, ƙwayar fentin kuma ba ta son zafi.

Ko wanne ka zaɓa, takarda ce gaba, kaya a ƙarshe. Yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kuma kamfani mai iyakantaccen alhaki za ka yi, ba sunan kasuwanci kawai ba, don in bashi ko ƙara ta taso kada ta haɗiye shagon waya. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa. Ka biya lauya ya rubuta wa Kwamishinan 'yan sanda na jiha, da hoton kayan da bayaninsu da adireshin wurin, ka karɓi kwafi mai hatimin karɓa. "Oga ya ce ba komai" ba izini ba ne, ana yi wa oga canjin wurin aiki. Ka tambayi ejan kiliyarin mai lasisi matsayin kayan kafin su bar Sin, a kuma rubuta ainihin sunansu. Wurin ya kasance cikin gari, mai katanga, kaya ba sa fita ƙofa, kowanne da lamba. Ka je wa mai unguwa da DPO da ƙafarka, ka gayyace su su gani kafin a buɗe. Ka je wa limamin unguwa ma, don akwai hadisin da ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, wani zai ɗauko shi, gara ka ji fahimtar malamai tun ba ka kashe kuɗi ba. A tsaya lokacin salla, a ware ranar mata da yara, ka huta da Hisba.

Kuɗin kuwa kada ka zuba fiye da miliyan 2 a gwajin farko, saura su ci gaba da juyawa a shago. Kaya na mutum 8 sun isa. Karɓi hayar wuri ta wata uku maimakon shekara, ka sa buɗewar ta faɗo a hutun Salla, ka kuma zagaya makarantun kuɗi ka yi masu tayin ranar wasa, don su ne ke kawo yara 40 a mota ɗaya su biya a dunƙule. Ka ajiye littafi, ka rubuta sunan duk wanda ya shigo, ka sa alama a gaban wanda ya dawo karo na biyu da na uku. Bayan wata ukun, turo mani adadin masu alamar nan tare da amsar da Kwamishina ya bayar, sai mu duba ko za a ƙara kaya.